Shirin Walimar Sauka: A Fara Da Lissafi

'Yan'uwa malamai mata, da Sha'aban ya kama, Islamiyyu da yawa kan yi rububin walimar sauka kafin azumi, sai rumfa da kujeru da lasifika su yi wuya. Bara mun ba mai rumfa kafin alƙalami ba rasit. Ranar taro ya kai ta gidan biki, iyaye suka wuni a rana.

Don haka kwamiti ya zauna tun Rajab. A lissafa kuɗin da ke hannu kawai, ban da alkawari. A tsayar da rana tare da malamar da za ta yi nasiha, a ware kuɗin man janareta. Anko kuwa kada a tilasta, akwai marayu cikin masu saukar.