Itacen Murhu da Gonar Doya

Wannan darasi domin maigida ne da uwargida duka. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan itace yana ƙara wuya, mata da yara suna tafiya da nisa kafin su haɗa dami ɗaya. Doya kuma sai mu jira ta zo a mota daga kudu, mu saya da tsada. Abu biyu ɗin nan suna da dangantaka, gama itace ɗaya yana iya yi wa gida aiki uku: ya ɗauki yaɗon doya da damina, ya dafa tuwo da rani, tokarsa kuma ta tsare irin shuka.

1. Zaɓen itace

Ba kowane itace ne na wuta ba. Mai nauyi shi ne mai garwashi. Ƙirya da marke da kanya da bagaruwa suna ci a hankali, wutarsu tana daɗewa, domin wannan ne maƙera suke son gawayin ƙirya. Kuka da rimi ba su da nauyi, da wuri su kan zama toka. Ceɗiya da durumi masu ƙaro ne, hayaƙinsu ya fi wutarsu. Tinya kuwa kada a kusantar da ita ga murhu ko kaɗan, gama ruwanta dafi ne.

Akwai waɗanda suna ci da kyau, amma asara ce a sare su: ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da gawo. Wanda ya sare ɗorawa ya sami wutar wata guda, ya rasa daddawar shekaru masu yawa. Busassun rassansu sun isa.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta kuwa sai ta ƙone ruwan tukuna kafin ta taɓa tukunya. Ka faskara da farkon hunturu, ka jera bisa duwatsu inda iska take wucewa, kafin damina kuma ka sa a ƙarƙashin rumfa. In ka buga guda biyu ka ji ƙara mai kaifi, sun bushe. Mu koyi da masu dafa mazarƙwaila na Makarfi da Kudan, waɗanda su kan shanya abin da ya rage bayan an matse rake su hura wuta da shi. Haka karan dawa da totuwar masara za su rage mana cin itace.

Hayaƙi yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a 1 shekara, wato 2020, saboda hayaƙin girki cikin gidaje. A bar wa ɗakin girki taga. Kome tsananin sanyi kuma, kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe.

2. Doya da sanyi

Doya 'yar zafi ce. Ta fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 30, tana kuma bukatar wata 7 ko 8 a gona. Domin haka mutanen tsaunin Jos suka fi ƙarfi a dankalin Turawa. A Sin da Japan akwai wata irin doya doguwa mai jure ƙanƙara, amma ba irin tamu ba ce.

Mu a nan damina tana da zafi isasshe, sai dai gajeriya ce, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Sanyinmu kuma yana zuwa ne a Disamba da Janairu, daidai lokacin da iri yake ajiye. Doyar da ta daɗe cikin sanyin da ya gaza digiri 12 ta kan lalace daga ciki. Kada a bar iri a fili da dare, kada kuma a sa doya cikin firji. A ajiye ta a ɗakin ƙasa mai inuwa, bisa katako, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa.

Ka zaɓi farar doya, gama ta fi mai rawaya saurin nuna. Kamar mako 3 kafin shuka, ka yanka iri, kowane yanki da bawonsa, ka shafa masa tokar murhu, ka bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Sa'an nan ka binne cikin yashi mai laima har ya tsira. Da ruwa ya zauna sai ka dasa bisa tsibin ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, ka ɗora ciyawa a kan tsibin kamar hula.

Wanda ba shi da kuɗin iri da yawa kada ya karai. Masu bincike na Umudike da na IITA a Ibadan sun nuna tun wajen 1982 cewa ana iya yanka doya ɗaya ƙanana ƙanana, giram 25 zuwa 50, a shuka kusa da juna. Ba za ta ba da ta ci a shekarar ba, amma za ta ba da lafiyayyen iri domin baɗi.

3. Itace ɗaya, aiki uku

Doya tana son hawa, ganyenta ya ga rana. Ka dasa darbejiya a iyakar gona. Baƙuwa ce daga Indiya, an kawo ta Barno a 1928, in an sare reshenta ta kan sake toho. Ka yanki sanduna masu tsawon kamar mita 2, ka kafa ɗaya ga kowane tsibi. A Nuwamba ko Disamba, bayan an haƙe doya, sandunan sun bushe sarai, sai uwargida ta kwashe su zuwa murhu, ta tara tokar a tukunya har bazara.

Tambayoyi

1. Waɗanne itatuwa ne bai kamata a sare ba, don me?
2. Ina ka ajiye irin doyarka a hunturun da ya wuce?
3. Itace nawa gidanku ya ƙona bara, nawa kuma kuka dasa?