Jabanar da Kika Zana

'Yata, zanenki ya iso. Na sa tabarau na zauna da shi tun bayan la'asar. Kin ce wai jabana ce kawai, kamar mai jin kunya. Kada in ƙara jin wannan "kawai" a bakinki.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na ga baƙin da kika shafa a gindinta, inda garwashi ya daɗe yana lasa. Na ga ɗan zaren da ake cusawa a bakinta don tace gahawa, da gammon da take zama a kai. Finjalin da ke gefe kuwa, kin bar masa ɓallin bakinsa. Da wani ne da ya gyara. Ke kin faɗi gaskiya, shi ya sa har ƙamshin citta na ji.

A Kasuwar Umdurman muka sayi irinta, ni da kakarki, Allah ya jiƙanta. Kasuwar nan tun zamanin Mahadi ta fara ci. Ga masu faifai, ga masu kaskon turare, ga masu gadon igiyar nan da ake kira angarib. Mukan taya, mu biya, mu wuce. Wa yake tsayawa kallon tulu? Sai da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wuta da wawaso suka ci rumfuna, sannan muka fara lalube a zuci: shin wuyan jabanar nan yaya yake ne?

Mai zane Ibrahim El-Salahi ma a Umdurman aka haife shi, a 1930. Ya je Landan ya koyo zane, amma da ya dawo sai da ya sake duban rubutun allo da adon kayan gida kafin hannunsa ya zama nasa.

To idan kin ga zanen wani, ko na buta ne ko na ludayi, kada ki ce "kamar hoto" ki wuce. Ki tsaya. Ki nemi ta inda haske ya shigo, da inda inuwa ta kwanta. Mai zanen ya daɗe a gaban abin nan, ki ɗan ba shi lokacinki. Wanda ya saba da irin wannan kallo ba ya raina kayan ɗakin uwarsa. Kuma hankalinki ya kwanta, malamai ba su hana zanen abin da ba shi da rai ba.

Gaba ki zana mini randar mamanki, da sassafe, tana zufa.