Yadda Ake Buɗe wa Maigadin Sabar Ƙofa Biyu

A cikin babbar sabar, irin wadda ke riƙe da rajistar ɗalibai ko takardun albashi a Dutse, akwai wata 'yar kwamfuta da ake kira BMC. Maigadi ce: ko an kashe sabar, muddin wayar wuta na jone, idonta biyu. Dell na kiran tata iDRAC, HP kuwa iLO. Da ita injiniya ke tayar da inji daga ɗakinsa a Takur ko Kiyawa, ba sai ya hau acaɓa da tsakar dare ba.

Ƙa'idar IPMI, wadda Intel, Dell, HP da NEC suka fitar a 1998, ta ba kowace ƙofar shiga wurin maigadin lamba. Lamba 0 da 15 na cikin gida ne; daga 1 zuwa 11 kuwa, mai ƙera injin ne ke rabawa yadda ya ga dama. A nan mutane ke tuntuɓe, don sun ɗauka ƙofar intanet kullum ita ce 1.

Saboda haka, fara da tambaya. Ka zauna gaban injin, ka buga ipmitool channel info 1, sannan 2, sannan 3, har ka gano masu ɗauke da LAN. A wasu injina biyu ne: kafar da aka keɓe wa maigadin ita kaɗai, da wadda take tarayya da sabar ta hanyar NC-SI. Idan manhajar OpenBMC ke kan maigadin, fayil ɗin channel_config.json ne ke haɗa kowace lamba da kafarta.

Sai ka ba kowacce adireshinta da ipmitool lan set. Na dindindin, ba na aro ba. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, na'urar rabon adireshi kan makara wajen tashi. Ta tarayyar kuma a killace ta cikin VLAN nata, kada tashar IPMI mai lamba 623 ta leƙa waje.

Izini ma ƙofa-ƙofa ake bayarwa: mataki na 4 ga shugaba a keɓaɓɓiyar kafa, na 2 ga mai dubawa kawai a ɗayar.

Abin da na fi jaddada wa yaran da nake koya wa aiki: kada ka taɓa saitin ƙofar da ka shigo ta cikinta. Gyara ta biyu, ka fita, ka shigo ta nan, sannan ka waiwayi ta farko. Kafin ka kulle ɗaki, zare wayar ɗaya, ka ga ko ɗayar na amsawa.