In Za Ku Je Gaida Tsofaffin 'Yan Wasa

Mu da muka tashi muna leƙen talabijin ta tagar maƙwabta, Samanja da Karkuzu da Kasagi tamkar 'yan gidanmu ne. Sai dai su ba su san mu ba. Mun shekara arba'in muna ganinsu, su kuwa ranar da muka yi musu sallama ce ranar farko da suka gan mu. Mantawa da wannan shi ke kwafsa yawancin ziyara.

1. Kada ku ce sai wata rana. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Saratu Giɗaɗo, wato Daso, a 2024. Allah ya jiƙansu. Na daɗe ina cewa in na shiga Kaduna zan je in gaida Samanja, ina ta ɗagawa, har na ji sanarwar rasuwarsa.

2. Ku nemi iso. A bi ta hannun ɗansa ko wani abokin sana'arsa, a sa rana. Bayan la'asar ya fi. Wurin ɗaukar fim kuwa wurin aiki ne, ba a zuwa hira.

3. Mutumin za ku gaida, sunan wasa ya jira. "Baba, ina wuni" ko "Hajiya, mun same ku lafiya" ya wadatar. In shi ya kawo sunan da kansa, to, bismilla. Samanja sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne, tsohon soja, kuma Hausar barikin nan da yake karyawa gwaninta ce ta wanda ya zauna cikin sojoji ya saurare su. Ƙasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, shi ne ya fito a Uncle Gaga cikin Cock Crow at Dawn, da Turanci garau. Wanda ya iya wannan ba abin wasan yara ba ne. Na taɓa yin wautar cewa wani dattijo, a gaban surukinsa, "Baba, ɗan yi mana irin dariyar nan taka." Ya dube ni ya ce, "Yaro, an tashi daga aiki." Har yau in na tuna sai in ji kunya.

4. Kada ku je hannu rabbana. A zamaninsu babu YouTube, suna ya yi yawa, kuɗi kaɗan. Turare, goro, shadda ko turmin atamfa, da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan. A miƙa a asirce. Wannan sabon yayi na ba dattijo dubu biyar a sa shi godiya a gaban kyamara, ni dai ban ga alherinsa ba.

5. Hoto sai da izini, sa shi a Facebook ma sai da wani izinin. In kun tarar da shi kwance ba lafiya, ku mai da waya aljihu.

6. Ku tafi da tambaya mai nauyi, ku kuma tafi da yara. "Wane wasa ka fi so?" an yi masa ita sau dubu. Ku tambaye shi yadda ake shirya wasa a NTA Kaduna, ko a CTV ta Kano wadda yanzu ake kira ARTV: wa ke kawo labari, rubutawa ake yi ko faɗa wa kowa ake yi abin da zai ce, nawa ake biya, me mutanen unguwa ke cewa. Ku tambaye shi yadda suka ji da bidiyo ya shigo, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Yawancin wannan tarihi a ƙirjinsu yake. In ya yarda, ku naɗi muryarsa. Yaran kuma a nuna musu wasansa a waya kafin a fita, don kada su zauna suna hamma.

7. Ku tashi tun ana marmarinku. Rabin awa ya isa, sai in shi ya riƙe ku. Ku roƙi addu'arsa, ku karɓi lambar wanda ya yi muku iso, in sallah ta zo a kira a yi barka.