DARASI: KIWON KUNKURU, AKWAI RIBA A CIKINSA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci dabbobi iri iri, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, labari yana isowa ga samarinmu cewa a ƙasashen Turawa mutane na kiwon macizai da ƙadangaru da kunkuru don sha'awa, har suna sayar da ƴaƴansu. Sai wasu suka fara tambaya: tunda babban kunkurun da ake so can na dajinmu ne, me zai hana mu mai da shi sana'a? Za mu duba wannan al'amari ta fuska uku.

Na farko: halin dabbar

Kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata, yana zaune tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Nijar da Cadi har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Yakan wuce kilo 50, yakan shekara 70 ko fiye. Macen takan saka ƙwai 15 zuwa 30 a zubi guda, a hannun mai kiwo su ƙyanƙyashe cikin wata 3 ko 4. Wannan yawan ƙwai shi ke ruɗin mai lissafin gaggawa. Amma mace ba ta fara ƙwai sai ta shekara 5 ko fiye, kuma a tsawon wannan lokaci sai an ba ta fili mai faɗi, da ciyawa kullum, da katanga mai ƙarfi, domin dabba ce mai gina rami mai zurfi.

Na biyu: halin kasuwa da doka

A Amurka an hayayyafa shi da yawa har ƴaƴansa suka yi araha. Mutane na sayen ɗan ƙarami mai shiga tafin hannu, in ya girma ya gagare su sai su kai shi gidajen ceton dabbobi. Masu cin ribar kirki su ne masu manyan gonaki a jihohi masu zafi. Mai yi don sha'awa yawanci kuɗin abinci da ɗumama ɗaki lokacin sanyi ke cinye abin da ya samu.

Mu kuwa, ƙofar waje a ƙuntace take. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta sa wannan kunkuru cikin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. A shekarar nan kuma Amurka ta hana shigar da shi, saboda kaskar da ke jikinsa tana ɗauke da cutar da ke kashe shanu da awaki. A cikin gida, dokar farauta ta 1998 ta sa kamun namun daji da riƙe su a ƙarƙashin iznin hukuma. Masu saye a kasuwanninmu kuma kaɗan ne.

Mu kwatanta da jar akuyar Maraɗi: cikinta wata 5, sau da yawa ta haifi biyu, ga nono ga nama ga fata, ga mai saye kowace ranar kasuwa.

Na uku: hukunci

Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta ga abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani halattacce, sananne, wanda ake iya miƙa shi ga mai saye. Don haka abin da cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa, kamar maciji mai dafi da aka aje don wasa, kashe dukiya a kansa ɓarna ce, kuma haɗari ne ga iyali da maƙwabta. Kunkuru ba mai cutarwa ba ne, riƙe shi bai haramta ba in an cika haƙƙinsa. Sai dai mu tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya aje dabba mai shekara 70 ya ɗauki amanar da za ta iya kaiwa ga magadansa. Kuma a riƙa wanke hannu bayan an taɓa shi, musamman yara, domin jikinsa na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

Abin da muke jan hankali a kansa shi ne: kunkurun nan yana ƙarewa a dajinmu saboda fari, da yawan dabbobin kiwo da ke cinye ciyawarsa, da kamun da ake yi masa. Duk wanda ya sayi kamamme ya ƙarfafa wa mai kamun guiwa. Mai neman abin ciyar da iyali ya zuba jarinsa a akuya ko kaji. Mai son kunkuru don son halittar Allah ya nemi izni wurin ma'aikatan gandun daji, ya riƙe shi da kyautatawa, ladarsa na wurin Ubangiji.

Allah ya azurta mu da halal, ya sa albarka a cikin nemanmu. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.