YINI ƊAYA NA MATASA MASU KAI BISHARA DA ƘWALLO

Abin karantawa: 1 Korintiyawa 9:24-27

Ya ɗan'uwa mai karatu, watakila ɗanka ya durƙusa gabanka ya ce, "Baba, matasan ikkilisiya za su wata ƙasa su kai bishara ta hanyar ƙwallo. Ina roƙo ka bar ni in bi su." Kai kuwa ka dubi gonarka, ga maimai bai ƙare ba, ka ce a ranka, "Yaushe wasa ya zama aikin Allah?" Ni ma haka na ce dā, har ran da ikkilisiya ta sa ni in raka su. Bari in nuna maka yadda yininsu yake, domin ka yi shawara da sani.

BA SABON ABU BA NE

A zamanin Manzo Bulus, kowace shekara biyu akan yi babban taron tsere da kokawa kusa da birnin Korinti. Wanda ya ci, rawanin ganye ake ba shi, bayan 'yan kwanaki ya bushe. Da wannan Bulus ya koya wa masu bi horon kai. A shekarar 1952 kuma wani malami mai suna Don Odle ya ɗauki samari 'yan ƙwallon kwando daga Amurka zuwa Taiwan. Idan an tsaya hutu a tsakiyar wasa, sai su yi waƙa, su ba da shaidar Yesu ga taron. A 2002 mishan ta SIM ta soma irin wannan aiki a ƙasar Habasha, da sunan Sports Friends.

Mu dai, kafin a rufe iyaka a 2023, mun bi ta Dosso da Gaya, muka haye gadar Kwara zuwa Malanville, muka sauka a wani ƙauye a arewacin Benin. Tsarin kowace ƙungiya yakan bambanta kaɗan, amma ga namu.

DA ASUBA

Ƙarfe 5 da rabi shugaba yakan busa usur. Kowa ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki, ya nemi wuri shi kaɗai ya yi addu'a. Ƙarfe 6 da rabi a taru, a yi waƙa, ɗaya daga cikin samarin ya karanta aya ya faɗi abin da ya gane. Ba a taɓa ƙwallo sai an yi wannan, gama wanda bai sha ba, ba ya iya shayar da wani.

DA HANTSI

Daga ƙarfe 8 zuwa 11 lokacin yaran gari ne. A raba su kashi kashi, a koya musu tsayar da ƙwallo da miƙa wa ɗan'uwa. Idan sun gaji, a zaunar da su a inuwa, a ba su ruwa da gajeren labari daga Littafi, tafinta yana juyawa. Ba a tara yaro sai iyayensa sun yarda, an kuma gaishe da mai gari tun ranar sauka. Yaron da ba shi da takalmi, da gurgu, da wanda ba ya iya kome, su ne aka ce samarinmu su fara koyon sunayensu.

DA RANA

A nan ake gane mutum. Ba barori a wannan tafiya. Wanda ya fi kowa iya ƙwallo, shi ma yakan ɗebo ruwa, ya wanke kwanuka, ya tsince ƙaya da duwatsu daga fili. Abinci kuma na masu gida ne. Yaranmu sun saba da tuwon hatsi da fura, ga shi an kawo musu sakwara da miyar da ba su sani ba. Ubangiji ya umarci almajiran da ya aika su ci abin da aka sa a gabansu (Luka 10:8). Wanda ya yatsine fuska a kan akushi ya rufe ƙofar da yake so ya shiga. Bayan abinci kowa ya kwanta awa ɗaya, dole ne, saboda zafi.

DA LA'ASAR

Ƙarfe 4 da rabi a yi wasa da 'yan garin. Minti 45, a huta minti 15, a ƙara 45. A cikin hutun nan ɗaya yakan tashi ya faɗi a taƙaice abin da Yesu ya yi masa. Lissafa ka gani: a cikin awa 24, maganar bakin ba ta wuce minti 15 ba. Sauran duka halinsu ne yake wa'azi.

Ga abin da na gani da idona. Wata rana wani saurayinmu ya ba da shaida mai daɗi a kan gafara. Da aka koma wasa, sai wani ya sa masa ƙafa ya faɗi, alƙali kuwa bai busa ba. Ya tashi da zafi, ya ture yaron, ya zagi alƙali. Mun ci wasan, amma wani tsoho ya ce wa tafinta, "Tambaye su, wace maganar za mu ɗauka, ta fari ko ta baya?" Kunya ta rufe ni.

DA DARE

Bayan abincin dare akan zauna a kewaye da fitila, kowa ya faɗi abin godiya da inda ya kasa. A daren nan saurayin ya yi kuka, ya ce shi ya ɓata mana aiki. Ba mu ce masa ba kome ba, gama da kome. Muka yi addu'a tare. Da safe, kafin yara su taru, ya tafi gidan alƙalin da na yaron, ya durƙusa ya nemi gafara. Da yamma tsohon nan ya zo masaukinmu, ya zauna har dare yana ta tambaya. Ashe abin da minti 15 bai yi ba, tuba ta yi shi.

Ƙarfe 10 a kashe fitila, ba mai fita. Ran Lahadi kuwa ba wasa, sai sujada tare da ikkilisiyar garin, gama ita za ta ci gaba da kiwon yaran bayan baƙi sun tafi.

KAFIN KA CE TO

Ya uba, ya uwa, kada ku saki yaro da ka. Ku tambayi wane dattijo ne zai raka su, wace ikkilisiya ce ta kira su, ina za su kwana, wace rana za su komo. Idan da 'yan mata, lalle a sami mace dattijuwa da masauki dabam. A shirya takardun tafiya, da katin allurar shawara, da gidan sauro. Ku yi hankali da mai cewa ku sayar da sa ko gona zai kai ɗanku Turai ya zama babban ɗan ƙwallo. Wannan ba aikin bishara ba ne, da yawa an cinye kuɗinsu an yar da su a hanya.

Kai kuma saurayi, ka duba yinin nan da kyau. Tashi da asuba, ɗebo ruwa, riƙe fushi, neman gafara: wanne ne ba za ka iya somawa gobe a gidan ubanka ba? Wanda ba ya tashi addu'a a garinsu, haye gada ba zai sāke shi ba. Ka gama maimai tukuna, ka tara yaran unguwarku, ko da ƙwallon tsumma ne.

TAMBAYOYI DON IYALI

1. Me ya sa Bulus ya ce yana horon jikinsa, ko da yake shi mai wa'azi ne?
2. Wace magana maƙwabtanmu suke ji daga gidanmu, ta baki ko ta hali?
3. Akwai wanda ya kamata in je in nemi gafararsa yau?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, ka kiyaye 'ya'yanmu a hanya da a filin wasa. Ka sa halinmu ya yi daidai da maganarmu, daga asuba har dare. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.