Shi Ma Suna Yana Da Zakka

 

Duk mun san zakkar dukiya, ɗaya cikin arba'in. Amma wasu malamai sun yi magana kan wata zakkar, wato zakkar daraja: wanda ake jin maganarsa ya buɗe baki saboda wanda ba a jin tasa. Wannan shi ne darasinmu.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauko mashahuran mutane ta naɗa su "jakadun fatan alheri". Asusun yara na UNICEF ne ya fara a 1954, da ɗan wasan Amurka Danny Kaye. Aikin jakada shi ne ya ja idon duniya zuwa inda ake wahala. A 2003 Ronaldo na Brazil da Zidane, jakadun hukumar raya ƙasashe ta UNDP, suka fara wasan ƙwallo na yaƙi da talauci a birnin Basel. Wanda aka buga a Lisbon a 2010, kuɗinsa ya tafi ga mutanen Haiti da girgizar ƙasa ta rutsa da su. Drogba ya shiga sahu a 2007. A nan Kamaru kuwa, UNESCO ta naɗa Manu Dibango mawaƙin zaman lafiya a 2004.

To, wani zai ce: wannan ba riya ba ce? Mun yi wannan musu a aji. Abin da muka fahimta, ɓoye sadaka ya fi kuɓutar da zuciya, amma bayyanawa ta halatta in don wasu su yi koyi. Niyya kuwa, Allah kaɗai ya san ta.

Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya. Wasa minti 90 ne, yunwa kuwa kullum ce. Jakada zai zo, a ɗauki hoto, ya hau jirgi. A bara wani ɗan ajinmu ya daina zuwa karatu, don mahaifinsa tela ya kwanta ciwo. Yanzu yana taya wani mai suya hura gawayi har tsakar dare. Zidane bai san shi ba. Mu ne muka san ƙofar gidansu.

Don haka jakadun Birikiteri mu ne. Liman yana da mumbari, ɗan kasuwa yana da abokan ciniki, mu ɗalibai muna da ƙafa da baki. Muna roƙon iyayenmu a kafa asusu a makaranta, ko da sefa 100 ne duk Juma'a, a rufa asirin mai karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tabarmar ɗan'uwanmu tana nan, ba wanda ya zauna a gurbinsa. Allah ya dawo mana da shi, ya ba mahaifinsa lafiya.